Muhawara: Wa Zai Ɗauki Nauyin Jinya Bayan Sallama Daga Asibiti?

Mai jinyar mahaifinta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan mahaifina yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ce ke tashi ina juya shi bayan kowace awa biyu don kada gyambo ya kama bayansa. A da akwai ma'aikaciyar da ke zuwa gida sau biyu a mako tana yi masa gashin ƙashi, har ya fara riƙe cokali da hannunsa, sai aka ce an cire kuɗin shirin daga kasafi. Yanzu yatsun sun sake dunƙulewa. Ni a ganina, gwamnatin da ta iya biyan kuɗin gadon asibiti, wajibi ne ta biya kuɗin kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajensu.

Mahaifin yaro mai farfaɗiya: Allah ya ba Baba lafiya. Sai dai 'yar'uwa, ki janye kalmar "ciwon ƙwaƙwalwa", domin duk wanda ya ji ta taɓin hankali ne ke zuwa masa a rai. Da irin wannan kalmar aka sa abokan ɗana suka daina zama kusa da shi a aji, alhali hankalinsa garau yake.

Wani likita: Malam, da girmamawa, ba ta yi kuskure ba. Farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da cutar mantuwa duk daga ƙwaƙwalwa suke tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami magani daidai. Sauya sunan ba zai kai wa kowa magani ba.

Mahaifin yaro mai farfaɗiya: Likita, kai a ofis kake furta kalmar, ni kuwa a gidana take kwana. A ce "lalurar jijiyoyi" mana.

Wani likita: Idan aka ce jijiya, mutane za su ɗauka ta jini ake nufi.

Ma'aikaciyar ƙungiyar sa-kai: Dama haka likitoci kuke, ba ku san komai ba sai gini da na'ura. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, a sashe na 19, ta tanadi cewa mutum ya zauna cikin jama'arsa tare da hidimar da yake bukata a gida.

Wani likita: Hajiya, ina fata ba so kike kuɗin ya bi ta asusun ƙungiyarku ba. Mun ga rahotanni masu hotuna, ba mu ga marasa lafiyar da suka miƙe ba.

Ma'aikaciyar ƙungiyar sa-kai: Wannan ƙazafi ne, kuma ina neman ka kawo hujja ko ka nemi afuwa a gaban kowa.

Mahaifin yaro mai farfaɗiya: Ita ma kalmar "naƙasa" ban amince da ita ba, ɗana ba naƙasasshe ba ne.

Mai jinyar mahaifinta: Don Allah, ni fa maganar mai gashin ƙashi na kawo.

Shugaban zaure: To, a nan za mu rufe. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu sun gamsu da bayanin Likita, wanda ya yi magana da ilimi da alƙaluma, cewa "ciwon ƙwaƙwalwa" ita ce kalmar da ta dace, kuma kuɗin jama'a ya fi aminci a hannun asibitoci. Ina kira ga Hajiya da ta rage zafi a gaba. Ita kuwa 'yar'uwarmu da ta buɗe zancen, Likita ya ce ta tuntuɓe shi ta saƙon sirri.