Ɗinkin haɗa ƙyallaye: me ya sa murabba'aina ba sa zuwa daidai?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da buhu guda na ƙyallayen atamfa da na tara shekara kusan shida, har da ragowar zannuwan marigayiya Innarmu, raina bai ba ni in zubar ba. Na ga wani ɗinki a YouTube da Amurkawa ke kira Log Cabin: ƙaramin ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, sai a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye har ya girma. Na ce bari in yi wa 'yata abin rufar gado da shi kafin bikinta.

Tsakiyar na yanka inci 2½, siraran kuma faɗin inci 1½, guda 12, uku a kowane gefe. An ce ya kamata ya fito inci 8½. To na ɗinka guda tara, ɗaya ne kawai ya kai. Wasu inci 8 suka fito, ɗaya ma 7¾, bakinsu kuma duk ya yi lanƙwasa kamar ganyen kabeji. Keken Butterfly ne nake amfani da shi, shekara 11 ina ɗinka kayan mata, amma wannan ɗan abin ya gagare ni. Ina matsalar take?

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam Hajiya. Keken ba shi da laifi, hannunki ne ya saba da ɗinkin riga. Mu a riga rabin inci muke bari a baki, in ya ɗan wuce ba mai sani. Wannan ɗinkin kwatan inci yake so, ba ƙari ba ragi. Ki lissafa: daga gefe zuwa gefe layin ɗinki shida ne, kowanne kuma yana cin ƙyalle biyu. In kin zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci kawai, kin yi asarar ¾. Ga 7¾ ɗinki nan ya fito.

Ki sauke allura, ki auna kwatan inci zuwa dama da rula, ki manna salatif a jikin farantin keken, bakin ƙyalle ya riƙa bin sa. Na biyu, na tabbata doguwar tsiri kike ɗorawa ki ɗinka sannan ki datse saura. Ki daina. Ki yanka kowanne da tsawonsa tun farko: 2½, sai 3½ biyu, 4½ biyu, haka har 7½ biyu, na ƙarshe 8½. Duk wanda ya ƙi zama daidai da gefen da za ki ɗora shi, kin san kuskure ya shigo, ki warware a nan take.

Anti Daga Ohio:
Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa haka yake, amma lanƙwasar bakin daga guga ne. Kada ki ja dutsen guga gaba da baya, ki ɗora ki ɗaga, ki kwantar da bakin ɗinkin ya kalli waje, nesa da tsakiya. Kowane tsiri ɗaya, guga ɗaya. Na san da gajiya, musamman in dutsen gawayi ne.

Nan inda nake tsofaffin mata ne suka koya mini. Ɗinkin ya yi tashe a Amurka ne tun wajen shekarun 1860, zamanin yaƙin basasarsu, kuma na dā ɗin yawanci a kan wani farin ƙyalle suke ɗinka shi a matsayin shimfiɗa, saboda tsummokaran da suke haɗawa ba nauyinsu ɗaya ba. Ke ma ki yi haka, ki sayi akoko a Kwari ki yanka inci 9, ki zana layukan da fensir, ki bi. Zannuwan Inna sun sha wanki, sun yi laushi, za su miƙe in ba su da abin da ya riƙe su.

Tsakiyar ja suke sa wa, wai murhun gida ke nan. Gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu, kyan abin duk a nan yake. Atamfarmu kuwa kowace da hayaniyarta, in ba ki ware su ba zanen zai ɓace. Ki ɗauki hoton ƙyallayen da waya ki mayar da shi baƙi da fari, nan take za ki ga wanne ne mai duhu na gaskiya.

Ummu Sadik:
Ni dai ban ga amfanin akoko ba in duk atamfa ce, nauyi kawai zai ƙara, ranar wanki ki gane kurenki. Amma don Allah ki wanke sababbin kafin ki yanka, wasu suna zuba, wasu suna tsukewa. Kuma ban da leshi da yadi mai santsi a ciki.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam ka kama ni, datsewa nake yi, kuma da na auna sai na ga ashe gefen ƙafar keken nake bi, ya fi kwata faɗi. Jiya na manna salatif na ɗinka biyu, duka 8½ cif. Anti, akokon zan sa wa masu zanin Inna kaɗai, sauran in bi shawarar Ummu Sadik. Gadon yana son guda 100, goma sau goma, biki kuma saura wata huɗu. Tara na farkon nan warwarewa zan yi ko in mayar da su rigar filo?