Kuloci ya saki amma bai saki ba: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, kalma ɗaya nake nema, kuma ina jin na samo ta, amma ku bari in fara da ciwon tukuna.

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota mai giyar hannu ya san ranar da giya ke ƙin shiga. Ka taka kuloci har ƙasa, ka tura, sai ka ji ƙarrr kamar ana niƙa tsakuwa. Abin da muke cewa ɗaya ne: giya ta yi tauri. Alhali cuta uku ko huɗu ce ke fakewa a bayan wannan magana, kuma rashin raba musu suna ne ke sa a sauke lafiyayyen giyabos a banza. Da gangan na ce giyabos, don in na rubuta akwatin giya wani zai zaci mashaya na nufa.

Cuta ɗaya tana da suna tuni. In faifan kuloci ya cinye, ka sa babbar giya ka taka totur, inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kowa zai ce kuloci na santsi. Wannan ta zauna, ba mai ja.

Kishiyarta ce marar suna, wadda Turawa ke kira drag. Ka taka feda, ya kamata faifan ya rabu da inji sarai. Sai ya rabu rabi da rabi, yana gogar faifan inji, sandar da ke shiga giyabos kuwa ta ci gaba da juyawa. Haƙoran da ke juyi ba za su karɓi giya cikin daɗin rai ba.

Fassarar kai tsaye ita ce "ja". Ban yarda da ita ba, domin in direba ya ce motarsa tana ja, yabonta yake yi. Wani ya kawo "maƙalewa". Tana da wurinta: motar da ta shekara a ajiye, tsatsa ta manne faifan da inji har feda ba ta da amfani, wannan kam ya maƙale. Amma namu bai kai nan ba, yana motsi. "Rashin saki" gaskiya ce, sai dai bayani ne, ba suna ba, kuma bakanike da ke kwance a ƙarƙashin mota ba shi da lokacin doguwar magana.

Ni talala na zaɓa. Akuyar da aka yi wa ɗaurin talala in ka hango ta sai ka rantse a sake take, tana kiwo tana zagaye, amma igiya na nan a ƙafarta. Haka faifan nan yake. A ido an sake shi, a zahiri inji na riƙe da shi. Kuloci ya yi talala. Gajeriya ce, tana karɓar aiki, kuma ba ta ci karo da wata kalmar mota ba.

Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, ai talala da gangan ake yin ta, wannan kuwa lalacewa ce." Na ce, Baba, gaskiyarka, amma santsi ma na laka ne da dutse kafin mu ɗora shi a kan kuloci. Kamannin muke ara, ba niyyar ba.

Amfanin sunan yana fitowa ne wajen gwaji. Kashe inji ka zagaya giyoyin duka. In suna shiga sumul, amma da ka tayar da inji suka ƙi, talala ce. In ko a kashe ma da tauri, bar kuloci ya huta, duba sandunan da ke haɗa hannun giya da giyabos da robobinsu. Sai gwajin ribas, wanda na fi amincewa da shi: mota a tsaye inji na aiki, taka kuloci, ƙirga biyar, sa ribas. A yawancin tsoffin motoci ribas ba ta da zoben tagullar nan mai daidaita gudun haƙora, saboda haka ba ta iya rufa wa kuloci asiri. In ta yi ƙara bayan jiran nan, an kama shi.

Zoben nan ma kansa bai samu suna ba. Cadillac ce ta fara sa shi a 1928, kuma ya daɗe bai game ko'ina ba; Land Rover ba ta samu shi a duk giyoyin gaba huɗu ba sai wajen fitowar Series III a 1971. Don haka ƙarar giya ta ɗaya a motar da ta girmi wannan ba lallai cuta ba ce, haka aka haife ta. In kuwa giya guda ce kawai ke ƙara, galibi ta biyu, sauran lafiya lau, zobenta ne ya cinye, kada a ɗora wa talala laifi.

Asalin talalar sau da yawa ba ya bukatar a sauke komai. In kulocin mai aiki da mai ne, tattaka feda sau huɗu ko biyar da sauri. In giya ta shiga bayan haka, iska ce a cikin bututu ko robar famfo ta gaji. In na waya ne, auna wasan da feda ke yi kafin ta fara aiki. A Volkswagen Beetle milimita 10 zuwa 20 ake so, in ya zarce haka feda za ta kai ƙasa ba ta gama sakin faifan ba. Har tabarmar ƙafa mai kauri na taɓa ganin ta hana feda isa ƙasa. Sai an wanke waɗannan duka ake zargin faifan da ya lanƙwashe ko ɗan boris ɗin da ke cikin gindin inji.

Ga jimlar da na gwada ta da ita: "Oga, ba giyabos ba ne, talala ce, a fitar da iska tukuna." Mai kalmar da ta fi wannan zama a baki ya kawo, amma ya sa ta a cikin wannan jimlar mu ji.