Maƙwabcinmu tsohon soja ya rasu a Makka: yaya ya kamata in yi ta'aziyya?

Mazaunin unguwar Misfala a Makka: Assalamu alaikum. Maƙwabcinmu ya rasu jiya, aka yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Dattijo ne da ya yi yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Shin ya dace in ambaci aikinsa na soja a wurin zaman makoki, ko hakan zai tayar wa iyalinsa da hankali?

Malamin unguwar Jarwal: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Ka fara da addu'a, sannan ka kai abinci, domin lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalinsa girki, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su.

'Yar wani tsohon soja: Malam ya yi gaskiya, amma ina ganin ka ambata, ɗan'uwa. Da Babanmu ya rasu, babu abin da ya sanyaya mana zuciya kamar wani abokinsa da ya ɗauki tsohon hotonsa cikin kaki, hannunsa na rawa, ya ba mu labarin yadda suka raba gorar ruwa ɗaya a bakin Kwara. Sai dai kada ka shiga zancen kisa.

Hajiya daga Jidda: Ku tuna da matarsa. Bayan kwana uku jama'a za su watse, ita kuwa takabarta wata huɗu da kwana goma ce. Ka riƙa tura maiɗakinka tana leƙa ta.