"Jiki magayi": na mai kunnen ƙashi ne kaɗai?

Malam Sani, Gusau: Jama'a, mun taso muna jin ana faɗa wa yaron da ya ƙi jin magana "jiki magayi", wato bulala za ta sanar da shi. Jiya a majalisarmu wani ya faɗe shi a kan maƙwabcinsa da ya zama mai saurin fushi tun da ciwon gaɓoɓi ya kama shi. Ya dace kuwa?

Inna Hajara, Talata Mafara: Bai dace ba, Malam. Wannan ɗan'uwan "jiki ya fi kunne ji" ne, gargaɗi ne ga mai taurin kai. Mara lafiya me ya yi da za a jefe shi da shi?

Nas Rabi, Ƙaura Namoda: Inna, ki gafarce ni, ni ina ganin ya dace, don jiki yana ba da labarin ciwonsa ta hanyar hali. Idan cuta ta shiga, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai da ake kira saitokin. Su ke kawo zazzaɓi da kumburi, kuma saƙonsu yana isa har ƙwaƙwalwa. Ki dubi yaro mai zazzaɓin cizon sauro: ya ture kofin kunu, ya juya fuska bango, ko hannu kika ɗora masa sai kuka. Wannan na 'yan kwanaki ne. Wanda ya fi damuna shi ne kumburin da ba ya fitowa fili, wanda teɓa da ciwon dasashi da ƙarancin barci da taba da hayaƙin itacen girki ke rurawa shekara da shekaru. Yana da hannu a ciwon suga da ciwon zuciya, kuma gwajin jini na CRP, wani furotin da hanta ke yi, yana nuna alamarsa. A 2019 masu bincike a jihar Texas ta Amurka sun ga cewa mutanen da alamun kumburi suka fi yawa a jininsu sun fi gaggawa wajen yanke shawara, sun fi kasa jiran riba ta gaba.

Alhaji Garba, Gummi: 'Yata, ina tsoron a mai da wannan mafaka. Gobe mutum ya zagi iyalinsa ya ce kumburi ne. Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi.

Nas Rabi: Haka ne, Baba, ba na wanke kowa. Binciken ma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da wanne ke haifar da wanne ba, don rashin kamun kai wajen ci da shan taba shi ma yana ƙara kumburin. Amma na sha ganin dattijo mai haƙuri ya koma mafaɗaci, iyalinsa suna ta cewa tsufa ne ko sammu, alhali haƙorinsa ne ya yi ruwa, ya hana shi barci wata da watanni. Irin wannan asibiti yake buƙata tare da nasihar.

Inna Hajara: To, na ji. In mutum zai faɗa wa kansa don ya tashi ya nemi magani, babu laifi. Amma a faɗa a bayan idon majinyaci a majalisa, Malam Sani, wannan habaici ne. Ku je ku duba shi, ku tambaye shi yadda yake kwana.