An zaɓe ni jagoran rukuni a sansanin tarbar sababbin ɗalibai, ina neman shawara

Ɗan_Aji_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa yi su taimaka min. Makarantarmu tana shirya wa sababbin ɗalibai sansani na 'yan kwanaki kafin a fara lakca, oriyanteshan dai amma irin wanda ake kwana wuri ɗaya, to sunana ya fito cikin waɗanda za su riƙe rukuni. Na ji daɗi gaskiya amma gabana sai faɗuwa yake, ni da yanzu zan shiga aji biyu me na sani da zan koya wa wani? Ga shi an ce sai mun dawo da wuri an mana tirenin, rabin hutuna ya tafi ke nan. Wani abokina ma cewa ya yi ɓata lokaci ne kawai, wasanni da ihu da ɗaukar hoto a watse. Shin da gaske abin nan yana da amfani? Kuma ainihin aikin jagoran mene ne?

Tsohon_Jagora:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je, kar ka ko yi shawara da abokin nan naka. Ni na yi, kuma kasancewarka ɗan aji biyu ita ce ma ribarka, don har yanzu ba ka manta yadda ake ji ba ranar da mutum ya shigo da jakarsa bai san kowa ba, bai san ina ne ofishin rijista ba, kowa ya gani sai ya ga kamar ya fi shi wayewa. 'Yan ajin ƙarshe da yawa sun manta wannan.

Wasannin da yake rainawa suna da dalilinsu, mutum goma ko sha biyu da ba su taɓa ganin juna ba in ka zaunar da su ka ce kowa ya faɗi damuwarsa wallahi shiru za ka ji, amma in sun yi gudu tare sun faɗi tare sun yi wa juna dariya to da daddare baki zai buɗe. A wannan zaman na dare ake yin aikin gaske. A nan za ka ji wanda kwas ɗin da aka ba shi ba shi ya nema ba, da wadda ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a kuma tana tsoron ta kunyata su, da wanda bai san ma yadda ake lissafin maki ba yana jin kunyar tambaya.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, idonka ya fi zama a gefe. A kowane rukuni akwai wanda zai koma can baya ya riƙe waya yana ta shafa sikirin alhali ba abin da yake karantawa, yana ɓuya ne kawai. Kar ka kira shi gaban mutane ka ce ya tashi ya yi magana, ƙara tsorata shi za ka yi. Ka je ka zauna kusa da shi, ka ba shi ɗan aiki, ko riƙe takardar sunaye ko duba lokaci, gobe za ka ga ya matso da kansa. Masu surutu za su sami abokai ko babu kai. Kuma ka haddace sunayensu tun daren farko.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Ni dai zan ɗan bambanta da Yaya na sama, ba don bai faɗi gaskiya ba, sai don akwai ɗaya fuskar. Sansani da yawa sunan tarba ne kawai, a ciki cin zali ake yi. Sai ka ga siniya ya sa yara tsallen kwaɗo, ko ya hana su barci, ko a tilasta wa mutum wasan da bai dace da tarbiyyarsa ba ana masa ihu wai ana cire masa kunya, in ka yi magana a ce ai mu ma haka aka mana. Wannan ba horo ba ne kuma ba ƙaramar matsala ba ce a duniya. A Indiya abin ya kai ga rasa rai, shi ya sa a 2009 hukumar kula da jami'o'insu ta fitar da ƙa'idoji masu tsauri, ɗalibi da iyayensa sai sun sa hannu a takardar alkawari, aka kuma buɗe layin waya na kai ƙara kyauta. A Amurka ma a Disamban 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuka a rahotonsu na tsaro na shekara.

To ɗan'uwa kafin ka amsa ka tambaya, akwai rubutacciyar doka? Akwai ma'aikacin makaranta da zai kwana a wurin? Ɗalibi yana da damar cewa ba zan yi wannan wasan ba a ƙyale shi ba tare da gori ba? Ranar da za a gwada ka da gaske ita ce ranar da abokinka jagora zai wulaƙanta yaro a gabanka, kowa yana dariya, kai kuma dole ka ce a daina.

Malama_H:
Ɗana, ina aiki a sashen kula da harkokin ɗalibai, kuma duka su biyun sun yi daidai. Abin nan ba yayi ba ne na yau. Jami'ar Maine a Amurka ta yi makon sababbin ɗalibai tun 1923, kwalejin Dartmouth a can Amurka ta fara fita da su daji cikin ƙananan rukunai a 1935, sansanin sababbin ɗalibai na jami'ar Texas A&M da ake kira Fish Camp kuma tun 1954 yake, har yau ɗalibai ne ke tafiyar da shi, su tsara su zaɓi jagorori su horar da su. Dalilin da ya sa makarantu ke kashe ƙarfi a kai shi ne abin da masanin ilimi Vincent Tinto ya bayyana a 1975, cewa zaman ɗalibi ko barinsa makaranta yana rataye sosai da yadda ya ji ya shiga cikinta ta fuskar karatu da ta mu'amala da mutane. Yaro mai ƙwaƙwalwa yana iya tattara kayansa ya tafi don kawai ba shi da wanda zai zauna kusa da shi a aji.

Shi ya sa kullum nake ce wa jagororinmu ranar rufe sansani ba ita ce ƙarshen aiki ba. Lokacin da ya fi wuya shi ne bayan 'yan makonni, an yi tes na farko maki bai yi kyau ba, kewar gida ta taso, murnar shigowa ta wuce. A nan ake son ka tura saƙo ɗaya-ɗaya, ba a guruf ba, ka ce ya karatu, ka gane lakcar wane?

Kuma ka san iyakarka don Allah. Kai ba likita ba ne ba kuma mai ba da shawara na makaranta ba. In wani ya faɗa maka yana tunanin cutar da kansa ko ana cutar da shi, kar ka taɓa yi masa alkawarin rufe sirri, ka ce zan raka ka wurin wanda zai iya taimakawa, ka kuma raka shi da ƙafarka. Tirenin ɗin da kake jin zai ci maka hutu irin wannan ake koyarwa a ciki. Kai kanka za ka fita da abin da aji ba ya bayarwa, tsara lokaci, raba faɗa, magana gaban jama'a, aiki da jagoran da jininku bai haɗu ba. Na sha rubuta wa tsofaffin jagorori takardar shaida, ba na rasa abin faɗa a kansu.

Ɗan_Aji_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama maganar bibiya bayan sansani ko kaɗan ban kawo ta a raina ba. Zan kuma tambayi batun doka kamar yadda aka ce. Saura abu ɗaya, in suka min tambayar da ban san amsarta ba fa, kamar canjin kwas ko tallafin karatu?

Tsohon_Jagora:
Ka ce musu ban sani ba amma zan binciko, sai ka binciko ɗin da gaske ka dawo da amsa. Kar ka yi kame-kame a kan rijista ko canjin kwas, amsa ɗaya ta kuskure tana iya ja wa yaro asarar semesta. Tun a tirenin ka rubuta ofisoshin da suka fi buƙata da inda suke da lokacin buɗewarsu, asibitin makaranta, laburare, ofishin jarrabawa, na hostel, ka ajiye a wayarka. In da hali ma ka zaga da su ƙofa-ƙofa tun kafin ranar lakcar farko.