Mai busa ɗaya zai iya riƙe jaz da kiɗan Turai na rubuce?

Tsohon Ɗan Badujala: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 11 na yi ina busa begila a badujala, kuma komai daga takarda muke karanta shi. Yanzu ɗana ya gaji ƙahon, amma hankalinsa yana kan jaz, inda mai busa ke ƙirƙira nan take. Malaminsa ya ce ya zaɓi ɗaya, wai taura biyu ba ta taunuwa. Abin ya tsaya mini a rai, don yaron yana son duka biyun. Akwai wanda ya taɓa haɗa su?

Mai Sauraro: Wa alaikumus salam, Baba. Akwai, kuma ƙaho mai kama da naku yake busawa: Wynton Marsalis, haifaffen New Orleans a Amurka, 1961. Yana ɗan shekara 14 ya busa kiɗan Haydn, ɗaya daga cikin manyan marubutan kiɗan Turai, tare da babbar ƙungiyar makaɗan garinsu. A 1979 ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Juilliard, shekara na zagayowa sai ga shi a ƙungiyar jaz ta Art Blakey, inda babu takardar da za ta cece ka idan kunnenka bai buɗe ba. Ya ci lambar yabon kiɗa ta Grammy ta jaz da ta kiɗan Turai a shekara guda, ya sake maimaitawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Blood on the Fields, doguwar waƙarsa kan bayin da aka kai Amurka. Ita ta ba shi babbar lambar yabo ta Pulitzer a 1997, karon farko da aikin jaz ya samu.

Uwar Biyu: Gaskiya ne, amma a faɗa wa yaron cewa a gida aka fara. Mahaifin Wynton, marigayi Ellis, makaɗin fiyano ne kuma malami. Ni ina ganin malamin ɗanka tsoron raba hankali yake yi, kuma bai yi laifi ba. Baba, kai ne Ellis ɗin gidanku, ka riƙe masa karatun takardar.

Mai Sauraro: Ku nemi Congo Square ma, kiɗan da Wynton ya tsara a 2006 da Yacub Addy, makaɗin ganga ɗan Gana.

Tsohon Ɗan Badujala: Na gode, Allah ya saka. Tsofaffin takarduna suna nan cikin akwati. Gobe bayan la'asar zan fito masa da su, sannan in je in ga malamin da kaina.