Shawarwari kan saɓanin 'yan ra'ayin sauyi a Amurka game da Falasɗinu

Muhawarar da 'yan ra'ayin sauyi a Amurka suka yi, kan yadda za su bi da 'yan siyasar da suke mara wa baya game da Falasɗinu, ta taso ne daga ƙuri'ar Satumban 2021, lokacin da Majalisar Wakilan Amurka ta amince da dala biliyan 1 don makaman kariyar Isra'ila na Iron Dome. Cikin 'yan majalisar masu ra'ayin sauyi, Rashida Tlaib da Ilhan Omar suka ƙi, Jamaal Bowman ya amince, Alexandria Ocasio-Cortez kuma ta ƙi ɗaukar ɓangare.

Mafi yawan mahalarta muhawarar sun ce ƙuri'ar ɗan siyasa ce abin aunawa, kuma ina tare da su. Masu ganin ya kamata DSA, ƙungiyar 'yan gurguzu masu bin dimokuraɗiyya a Amurka da Bowman yake cikinta a lokacin, ta kore shi saboda ƙuri'arsa, an ba su shawarar matsa lamba daga ciki, domin a 2024 AIPAC, ƙungiyar da ke mara wa Isra'ila baya a siyasar Amurka, ta zuba miliyoyin daloli don adawa da shi har ya faɗi zaɓen fid da gwani. Wasu suka nace a gindaya wa ɗan takara sharuɗɗa kan Falasɗinu tun kafin a mara masa baya.